Cikin manyan takalman hawan babur na daji masu tsadar nan, wanne zan saya?

Tambaya: Salam malam. Na kai wata takwas ina hawan babur na daji, mai injin cc 250 ne, yawanci cikin duwatsu da taɓo da ƙananan hanyoyi, jefi-jefi nakan shiga filin tsere. Takalmin da nake sawa mai arha ne kuma ya fara lauyewa. Na tara kuɗi ina so in sayi babba sau ɗaya in huta, hankalina ya rabu tsakanin Alpinestars Tech 10 da Gaerne SG-12 da Sidi Crossfire 3. Wanne ya fi? Kuma wai da gaske tsadar tana da amfani ko suna kawai ake saya? Ƙafata tana da ɗan faɗi kuma ina sa makarin gwiwa.

Wa alaikas salam ɗan'uwa. Bari in fara ba ka abin da ka fi son ji don kar ka yi ta karatu kana jiran hukunci. Da ƙafa mai faɗi irin taka, ga makarin gwiwa, ga duwatsu da taɓo, ni Gaerne SG-12 zan ce ka fara zura ƙafarka a ciki, in ka samu wanda aka yi wa ƙasa mai haƙora na enduro (hawan daji irin naka) ma ya fi. Amma ka lura gwadawa na ce, ban ce ka tura kuɗi a aiko maka da shi ido rufe ba, don a harkar nan ƙafa ce take zaɓar takalmi, kai naka kawai biya. Sannan akwai na huɗu da ba ka sa a lissafi ba, Alpinestars Tech 7 na enduro, wanda a irin hawan da kake yi ni na fi ganinsa a ƙafarka fiye da Tech 10 duk da bai kai shi tsada ba, zan zo kan dalili.

To maganar ko tsadar tana da amfani. Mutane da yawa sun ɗauka aikin takalmin nan kare fata ne daga ƙujewa in an faɗi, wannan ai aikin takalmin kwalta ne, a daji ba ka cika jan ƙasa mai nisa ba don gudun bai kai can ba. Abin da ke cin ƙafar mahayin daji daban ne. Ka sauke ƙafa a kwana don ka tokare, tsinin takalmin ya maƙale a rami ko saiwar bishiya, babur ya ci gaba da tafiyarsa ƙafa kuma ta tsaya, sai ta murɗe waje. Ko ka yi tsalle ka dira da ƙarfi alhali yatsunka ne kawai a kan mataki, wato ƙarfen da ake ɗora ƙafa a jikin babur, dunduniya ta nutse ƙasa agara ta miƙe fiye da iyakarta. Ko kututture ya ɓuya cikin ciyawa ya daki yatsu ya naɗe ƙafar baya ƙarƙashin mataki. Ko mafi sauƙinsu, babur ya kwanta maka a kan ƙafa, 250 ɗin naka da mai a tanki ya haura kilo 100, dutse a ƙasa inji a sama ga salansa da zafi. Ƙafar mutum kuwa ƙashi 26 ne ƙanana-ƙanana jijiyoyi suka ɗaure su, in suka wargaje ba sa komawa yadda suke cikin sauƙi. Kuɗin da ka ƙara a kan babban takalmi yawancinsa kan abu ɗaya yake tafiya, wato yadda za a bar idon sawu ya yi motsin da kake buƙata na taka birki da sa giya, amma a hana shi motsin da ke karya shi. Duk sauran, launi da tambari da sunan gwanin tseren da yake sawa, ado ne.

Ni da jikina na koyi wannan. Shekarun baya ina da wani takalmi, ba sai na kira kamfani ba, a ido kai ka ce na tsere ne, dogo har ƙasan gwiwa, bokul huɗu, ja da fari yana ta sheƙi. A wata ƴar gangara, a giya ta biyu fa, gudun da yaro zai bi ni da ƙafa ya kamo ni, na sauke ƙafar hagu ta shige tsakanin duwatsu biyu, sai na ji ƙas. Da aka cire min takalmin lafiyarsa ƙalau ko ƙwarzane babu, ashe shi da ƙafar tare suka lanƙwashe, shi ya dawo daidai ita ba ta dawo ba. Ƙaramin ƙashin ƙwauri ya tsage daga ƙasa, kusan wata uku ban hau babur ba, har yau in sanyi ya shigo sai ta gaishe ni. Tun daga ranar ba na duban takalmi da ido, da hannu nake dubawa.

Ga yadda za ka yi, kuma ka fara da tsohon naka don ka ji bambanci. Riƙe dunduniyar da hannu ɗaya, riƙe wuyan takalmin daga sama da ɗayan, ka murɗa kamar mai matse wanki. Mai arha zai bi ka ba musu. Sannan ka dasa shi a ƙasa ka tura wuyan gefe, hagu da dama, in ya kwanta to haka idon sawunka zai kwanta a ciki. Na kirki zai ƙi, ka ji kamar kana kokawa da bututun ƙarfe. Sai ka tura shi gaba da baya, nan kuma ya kamata ya tafi sumul har wani wuri sannan ya ci birki ya tsaya cak, wannan tsayawar ita kake saya. Daga ƙarshe ka kama yatsu da dunduniya ka gwada naɗe ƙasan gida biyu, bai kamata ya naɗu ba don akwai ƙarfe ko wani abu mai tauri da aka shimfiɗa a ciki, shi ne yake ɗaukar nauyinka in ka miƙe tsaye kan mataki awa biyu awa uku, in babu shi tsakiyar tafin ƙafarka zai riƙa zugi kamar ka taka garwashi.

Abin da ke sa babban takalmi ya iya wannan ita ce gaɓa da aka yi masa a daidai idon sawu, kamar hinjin ƙofa, ɓangaren ƙafa daban ɓangaren ƙwauri daban sai aka haɗa su da noti a gefe da gefe. Mai arha ba shi da ita, fatar ce ko robar take lanƙwashewa da kanta, shi ya sa yana sabo tauri kamar itace har ba ka iya sa giya, bayan wata shida kuma ya zama tsumma ta kowane ɓangare, abin da naka yake yi yanzu kenan da ka ce ya fara lauyewa. Mai gaɓa tun ranar farko yana motsi gaba da baya, bayan shekara biyu kuma gefensa na nan da ƙarfinsa don ba lanƙwasar robar aka dogara da ita ba. SG-12 da Crossfire 3 duk a waje gaɓarsu take kana ganinta kana iya kwance ta, kuma kowanne yana da wurin lanƙwasa na biyu a sama da idon sawu. Tech 10 shi nasa salon daban ne, ban da ƙarfin da ke jikinsa na waje akwai wani ɗan takalmi na ciki da kake fara sawa kamar safa mai tauri, da sanduna a gefen idon sawu masu hana murɗewa, sannan ka zura cikin babban. Gaskiya riƙon da yake yi wa idon sawu ba wasa ba ne, shi ya sa ka gan shi a ƙafar ƴan tseren motokros da yawa, wato tseren fili mai tsalle-tsalle, masu dirowa daga sama. Amma ɗan cikin nan yana cin wuri, yana ƙara zafi, sawa da cirewa sai ka zauna ka natsu, in ruwa ya shiga kuma abu biyu za ka shanya. Ga wanda zai yi zagaye na minti ashirin ko talatin a fili ya sauka ya huta ba komai, ga wanda zai wuni a daji yana sauka yana tura babur a kan duwatsu, to da sauran magana. Tech 7 ba shi da ɗan ciki, ya fi sauƙin tafiya a ƙasa, kana jin birki da giya sosai, kariyarsa kuma ta ishi irin hawanka, dalilin da ya sa na ambace shi kenan.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, ƙarfin da takalmi ya hana shi karya idon sawu ba ɓacewa yake yi ba, sama yake haurawa, gaɓa ta gaba kuwa ita ce gwiwa. Don haka makarin gwiwar da kake sawa kar ka kuskura ka ajiye shi don ka sayi babban takalmi, yanzu ma ka fi buƙatarsa.

Kamfanonin ukun da ka lissafa kuwa kusan ƴan unguwa ɗaya ne, duk daga lardin Treviso a arewa maso gabashin Italiya, kewayen Montebelluna inda aka daɗe ana ɗinkin takalman hawan dutse da na wasan ƙanƙara. Dino Signori ya kafa Sidi a 1960, Ernesto Gazzola ya kafa Gaerne a 1962, Sante Mazzarolo ya kafa Alpinestars a 1963, garuruwansu Maser da Asolo maƙwabtan juna ne. Kaga ba ɗan koyo a cikinsu, kowanne ya haura shekara 60 yana abu ɗaya, saboda haka tambayar wanne ya fi ba ta da amsa irin wadda kake nema. Inda suka rabu shi ne ƙirar ƙafar da kowa yake ɗinka takalminsa a kai. An san Gaerne da yalwa a wajen yatsu da laushin ciki, ga soso mai bin siffar ƙafa a kewayen idon sawu. An san Sidi da tsukewa, mai siririyar ƙafa in ya sa sai ya rantse don shi aka yi, mai faɗi kuwa bayan awa ɗaya ƙaramin yatsa zai fara kuka. Alpinestars yana tsakiya. Ba doka ba ce, samfuri yana bambanta da samfuri, amma mafari ne mai kyau. In ka samu dama ka gwada Leatt 5.5 FlexLock ma, kamfanin Afirka ta Kudu ne da ya yi suna a makarin wuya, gabansa yana da wuri, da Fox Instinct na Amurka wanda masu shi suke yabo don ba ya wahalar sabo.

Sai dai a wuri ɗaya Sidi ya yi zarra kuma dole a ba shi, kusan komai na jikin Crossfire 3 da sukuru aka ɗaure shi, bokul, madauri, farantin ƙwauri, robar da ke kare cikin ƙafa, duk ana kwancewa a sa sabo, kuma wajen sha-raɓa ana buɗa shi ko a tsuke, abin da mai makarin gwiwa ke so kenan. SG-12 ma farantin ƙwaurinsa ana kwance sukurori a matsar da shi ya ƙara faɗi. Ka duba wannan da kyau don na sha ganin mutum ya sayi takalmi ya yi masa daidai a ƙafa, ya zo ranar hawa ya ɗaura makarin gwiwa sai bokul na sama ya ƙi kaiwa, yana ja yana nishi abokai suna jira da injina a kunne.

Yanzu ƙasan takalmi, nan zan ɗan daɗe don nan kuɗi yake zurarewa. Matakin babur na daji haƙora gare shi masu kaifi, da gangan aka yi su haka don kar ƙafa ta zame cikin taɓo, kuma aikinsu kenan cin ƙasan takalminka a wuri ɗaya, tsakiyar tafi. Saman takalmi zai iya shekara huɗu biyar lafiya amma ƙasan ya huje tun a ta biyu in kana hawa kowane mako, to tambayar da za ka yi kafin ka biya ita ce in ya cinye yaya za a yi. Iri uku ne. Akwai ɗinkakke, wanda aka ɗinke ƙasan da jikin takalmin kana ganin zaren a kewaye, sau da yawa da ɗan ƙarfe a baki, irin na SG-12 da Crossfire 3 mai lamba TA, wannan duk shumeka mai hannu in ka kawo masa sabon ƙasa zai farke ya ɗinka maka. Akwai na zubi wanda aka manne da jiki, irin na Tech 10 da Tech 7, ya fi sirantaka a baki yana shiga ƙarƙashin giya da sauƙi, kuma an yi wa wurin taka mataki wani yanki da ake canzawa, sai dai aikin yana son wanda ya san shi da gam na kirki. Sai na Crossfire 3 mai lamba SRS, wanda tsakiyar ƙasan da sukurori aka ɗaure, kai da kanka da sukundireba za ka cire ka sa sabo kana zaune, har kana iya sa mai haƙora yau gobe ka mayar da mai santsi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, illa dai ka riƙa duba sukurorin kar kansu ya cinye har sukundireba ta rasa wurin kamawa, in ya kai haka sai an haƙa.

Mai santsi ko mai haƙora kuma ya danganta da inda kake hawa. Na motokros ƙasansa kusan shafaffe ne don in ka miƙa ƙafa a kwana ta zame kan ƙasa kar ta kama, kuma ka iya matsar da ƙafa a kan mataki ba tare da ta maƙale ba. Na enduro yana da haƙora kamar takalmin hawan dutse don za ka sauka ka tura, za ka tokare a kan jiƙaƙƙen dutse ko gungumen itace mai gansakuka. Ka taɓa gwada ɗaga babur a gangara mai laka da takalmi mai santsi? Kai da babur ɗin tare za ku gangara. Kai da ka ce yawancin hawanka duwatsu da taɓo ne, filin tsere jefi-jefi, mai haƙora ne naka, ranar filin ba zai hana ka komai ba a matakin da kake yanzu.

Za ka ga wata ƴar takarda a ɗinke a ciki da hoton mai babur da rubutun EN 13634:2017, ƙa'idar Turai ce ta gwajin takalman babur. Ƙarƙashinta lamba huɗu ne a jere, kowacce 1 ko 2, ta farko tsawon takalmin, ta biyu juriyar gurzuwa, ta uku juriyar yanka, ta huɗu yadda ƙasan yake jure matsewa ta gefe kamar in babur ya danne shi, inda lamba 1 take buƙatar ya jure kilonewton 1, wato ma'aunin ƙarfin matsi, lamba 2 kuma 1.5. In ka ga lamba uku kawai to tsohuwar ƙa'idar ce ta 2015 kafin a ƙara ta tsawo. Wani lokaci akwai ƙarin haruffa, IPA na nufin an gwada kariyar bugu a idon sawu, IPS a ƙwauri, WR kuma juriyar ruwa. Ka duba ta, in babu ita sam ka ajiye takalmin, amma kar ka ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba, ba ta auna murɗewar idon sawu ba wanda shi ne babban abin da ya kawo mu, kuma takalmin kwalta mai laushi ma yana iya cin lamba 2 a wurare da yawa. A tsakanin manyan nan takardar ba za ta raba maka gardama ba, gwajin hannun nan ya fi ta gaya maka gaskiya.

Ruwa kuma, a taƙaice, yawancin manyan takalman tsere ba sa hana ruwa shiga kuma ba a yi su don haka ba. Akwai masu shimfiɗar hana ruwa a ciki kamar Tech 7 mai Drystar, suna da daɗi a raɓa da yayyafi da ƙananan kududdufai, amma ranar da ka tsallaka rafi ruwa ya haura ta sama to ya shiga kenan ba hanyar fita, ka zama mai yawo da bokiti biyu, ga zafi a lokacin zafi. Ni na fi son marar shimfiɗa da safa mai hana ruwa a jaka in sa ranar da ake buƙata. Kar kuma wani ya ruɗe ka da takalman doguwar tafiya irin su Sidi Adventure 2 ko Alpinestars Toucan, masu kyau ne a aikinsu, kana iya wuni da su kana yawo a ƙasa, amma laushin da ya sa suke da daɗin tafiya shi ne abin da ba ka so a cikin duwatsu.

Ranar gwaji ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, don haka za ta kasance bayan awa biyu a kan babur. Ka tafi da doguwar safar da kake hawa da ita, da makarin gwiwarka, da wandon hawan ma in da hali, ka sa komai yadda kake sawa. Kar ka yarda da lambar da ka saba, 43 na wannan kamfani ba 43 na wancan ba ne, kuma ka gwada ƙafa biyun duka don da wuya ka samu mutumin da ƙafafunsa suke daidai wa daida, babbar ita ake saya wa. In ka ɗaure bokul, daga na ƙasa ake farawa a hauro, ka daki ƙasa da tsinin takalmin ko ka tokari bango, yatsu kada su taɓa gaba, in sun taɓa yanzu to ranar da ka daki dutse farce zai yi baƙi ya fita. Ka ɗaga dunduniya kamar mai leƙen katanga, in tana zamewa sama a ciki sosai ya yi maka yawa, kuma takalmin da ƙafa ke yawo a cikinsa duk tsadarsa rabin kariyarsa ta tafi. Sai ka durƙusa ka miƙe, ka tsaya kan bakin matattakala da tsakiyar tafi kamar kana kan mataki, ka zauna da shi a ƙafa aƙalla minti goma sha biyar ko da mai kaya yana harararka. Tauri ba laifi ba ne, nauyi ma ba laifi ba ne, kowanne ƙafa ɗaya yana kai kilo 2 ko kusa da haka, tafiya kamar ɗan sama jannati duk daidai ne. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne wuri ɗaya da yake cizo, kan ƙashin idon sawu ko gefen ƙaramin yatsa ko saman ƙafa, ko ka ji yatsu sun fara mutuwa. In an ce maka zai buɗe kar ka saurara, sosan ciki ne yake ɗan kwanciya, robar waje ba ta buɗewa, ba takalmin fata ba ne na zuwa ofis. Na taɓa yin wannan gangancin da wani mai kyau don an rage min kuɗi kuma lambar ta kusa, hawa uku na yi da shi na bayar.

In na hannu za ka saya ba laifi, manyan nan suna da rai, amma ka yi masa gwajin murɗa ɗin nan, ka girgiza gaɓar ka ji ko ta yi sako-sako, ka duba ƙasan ko mataki ya ci har ya kai ga abin da ke ciki, ka danna robar ka ga ko ta fara tsattsagewa. Wanda ya shekara da shekaru a ajiye ko ba a taɓa sa shi ba ka yi hattara, gam da wasu robobin suna lalacewa a zaune musamman wuri mai laima, sai ka ga ƙasan ya ɓare a hawan farko. Jabu ma suna nan da yawa musamman na sunayen da suka fi tashe, in ka ga sabo fil a kuɗin da bai kai rabin na ko'ina ba to ka san dalili, ɗauke shi ka ji, yawanci ba nauyi, bokul ɗin roba ce marar ƙarfi, murɗa ɗaya zai tona masa asiri. Sannan kafin ka tsayar da kowanne ka tabbatar kana iya samun bokul da madaurinsa in sun karye, don su ne suke fara tafiya, babban takalmi da bokul ɗaya a karye zaman gida zai yi har sai an samo.

Kula da shi ba wuya, ka wanke laka tun tana ɗanya da ruwa da buroshi da ɗan sabulu, in da injin feshi mai ƙarfi kake wanki ka ja baya kar ka kafa bakinsa kan gaɓa da ɗinki. Ka cire shimfiɗar ciki ka cusa takarda ka ajiye a inuwa mai iska, kar ka kai shi kusa da wuta ko ka jingina da salansa wai ya bushe da wuri, zafi yana sakin gam yana lauya roba. Sukurorin bokul ka riƙa bi kana ɗaurewa, jijjiga tana kwance su, ɗigon gam ɗin noti mai shuɗi yana maganin wannan. In gaɓa ta fara ƙara ƙiii-ƙiii kana tafiya, ɗan feshin silikon ya isa.

Sai abu na ƙarshe da zai same ka a makon farko don kar ka dawo kana cewa na cuce ka. Za ka hau ka nemi giya ka rasa, ka taka birkin baya ba ka ji ka taka ba sai taya ta ja ƙasa, ranka ya ɓaci ka fara tunanin tsohon naka. Kowa haka ya yi. Bakin sabon ya fi tsohon kauri, don haka ka kwance notin sandar giya ka zare ta ka ɗaga ta haƙori ɗaya sama ka mayar, ka gwada a tsaye da a zaune, in ta yi sama da yawa ka dawo da ita, fedar birki ma ka daidaita ta kusan daidai da tsayin mataki ko ƙasa kaɗan yadda za ka same ta kana tsaye. Ka daina sa giya da idon sawu kaɗai kamar da, ka koyi ɗaga ƙafar gaba ɗaya daga gwiwa, birki kuma da kunne da jikin babur za ka riƙa jinsa kafin ƙafa ta saba. Ka sa shi a gida kana ƴan aikace-aikace kwana biyu uku, hawan farko kuma ka yi shi a wuri mai sauƙi da ka sani, kar ka kai shi cikin duwatsun nan naka tukuna sai kun yi kamar awa biyar ko shida tare.